Ƙiba Da Kitsen Jini: Magani Na Farawa Daga Tukunya



Mun tashi mun tarar ana cewa ƙiba alamar hutu ce. To, amma ƙibar da ta wuce kima takan zo da kitsen jini, wato kolestarol. Shi wannan kitse ba ya sa ciwo, ba ya sa zazzaɓi. Sannu a hankali yake liƙewa a hanyoyin jini har su toshe, sai a wayi gari da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ba a gane shi sai da awon jini. Saboda haka, matar da faɗin ƙugunta ya zarce inci 35, ta nufi asibiti.

Ina jan kunnenku game da shayin rage ƙiba na 'yan talla. Akwai wani magani, sibutramine, da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka cikin 2010 saboda yana jawo ciwon zuciya, amma daga baya an sha samunsa a ɓoye cikin irin wannan shayi.

Magani na gaskiya akwai shi, amma a hannun likita. Ƙwayar statin tana rage kitsen jini, sai dai mai ciki ko mai goyo ta sanar da likita tukuna. Allurar semaglutide, wadda Amurka ta amince da ita don rage ƙiba cikin 2021, tana rage jin yunwa, amma tana da tsada, kuma in an daina ta ƙiba takan dawo.

Don haka nake cewa a koma ga tukunya. Allah Ya albarkaci Filato da acca, kabeji da karas. Kayan lambun da ake lodi a Farin Gada ai har Mil 12 ta Ikko suke kaiwa. A dama gwaten acca da ganye, a ci wake da kifi. A rage manja, man shanu, kitsen nama da lemon kwalba. A yi tafiyar ƙasa ta rabin awa, kwana 5 a mako. Mai nauyin kilo 90, in ta zubar da kilo 5 kacal, jininta zai shaida.

Maigida kuma ya taimaka, domin cefane a hannunsa yake. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalam.