Neman Kuɗin Bincike a Jami'a: Kira ga Malamanmu 'Yan Asalin Batsari da Safana

 

Mai girma Shugaban Taro, Mai girma Sarkin Ruman Katsina Hakimin Batsari, Mai girma Yariman Katsina Hakimin Safana, shugabannin wannan ƙungiya, iyayenmu da 'yan'uwanmu da suka taso daga Kano, Kaduna, Abuja da Legas.

Alhamdu lillahi, yaran da muka koya wa karatu da alli da allo, yau wasunsu malamai ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011, da Bayero da Ahmadu Bello. Malamin jami'a kuwa ba ya samun ƙarin girma sai da bincike, bincike kuma ba ya yiwuwa sai da kuɗi. Albashi ba zai ɗauki nauyin sufuri, gwajin ƙasa da ruwa, da alawus na masu tattara bayanai ba.

Kuɗin yana nan. A 1993 gwamnatin tarayya ta kafa asusun harajin ilmi, inda a wancan lokacin kamfanoni suka riƙa biyan kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. Dokar 2011 ta mayar da shi TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantu na gwamnati. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramin tallafi da malami ke nema ta hannun jami'arsa, akwai kuma babban asusun bincike na ƙasa wanda ake takara a kansa. Daga waje ma ana samu. Cibiyar Binciken Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ta fara a 2012 da tallafin gidauniyar MacArthur ta Amurka, daga baya Bankin Duniya ya ɗauke ta cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. A Samarun Zariya kuma, binciken shekaru da tallafin waje ya samar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke jure wa tsutsar da ke huda kwanso. Duk waɗannan da rubutacciyar takardar neman tallafi suka fara.

Masu tantance irin wannan takarda abubuwa biyar suke dubawa. Wace matsala ce, kuma wa take damu? Me wasu suka riga suka gano? Ta wace hanya za a yi binciken? Wata nawa zai ɗauka, kuma nawa zai ci, kobo da kobo? Wa zai amfana in an gama? Wanda ya kasa amsa tambayar farko, sauran huɗun ba za su cece shi ba.

A nan ne ɗan Batsari da ɗan Safana suka fi kowa abin faɗa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun shekarun 1960 aka keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai domin kiwo, aka gina madatsun ruwa da taimakon Amurka. Me ya sami madatsun nan? Ina burtalan da shanu ke bi? Yaya dajin Rugu ya tashi daga makiyaya ya zama mafakar 'yan bindiga? Bayan kisan Tsauwa da Dankar a 2020, gonaki nawa aka bari ba noma, yara nawa suka bar makaranta? Gwamnati da ƙungiyoyin agaji da ƙididdiga suke raba taimako. Yankin da bai rubuta halinsa ba, wani ne zai rubuta masa, ko a tsallake shi.

Saboda haka muna ba da shawara. Na farko, ƙungiya ta tattara sunayen malamanmu na jami'o'i da fannoninsu, domin masu ba da tallafi sun fi son ayari mai haɗa masanin noma, na lafiya da na zamantakewa. Na biyu, mu ware wani abu daga kuɗin gudummawa don ƙaramin binciken share fage, wanda shi ke ƙarfafa babbar takarda. Na uku, farfesoshinmu su riƙa duba takardun matasa kafin a aika. Na huɗu, iyayenmu hakimai da dagatai su taimaka da wasiƙar goyon baya da shawara kan inda ya dace a shiga, domin rai ya fi bincike.

Ku kuma 'ya'yanmu malamai, kuɗin tallafi amana ce. A ajiye rasidi, a ba da rahoto kan lokaci, a dawo gida a bayyana wa manoma da makiyaya abin da aka gano da harshen da suke ji. In an ƙi takardarka bana, gyara ta ka sake aikawa baɗi. Mai nema yana tare da samu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya maida kowa gidansa lafiya.