Wace ce mace a idon doka? Kalmar da ta kai gwamnatin Sikotilan gaban Kotun Ƙoli

(Matanin laccar da aka gabatar a wani zaman tattaunawa na ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati)



Ranar 16 ga watan Afirilu na shekarar 2025, alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya suka ba da amsar wata tambaya wadda in an yi wa yaron lakkol ita, sai ya zaci ba'a ake yi masa: in doka ta ce "mace", wa take nufi? Amsar tasu ta cika shafi 88. Mai jin labarin daga nesa yana iya cewa ai rigimar Turawa ce, ba ta shafi kowa ba. Amma duk wanda aikinsa zartar da doka ne a biro, ko yana da shago da ma'aikata a ƙarƙashinsa, to akwai abin lura gare shi, domin labari ne na majalisar da ta rubuta doka biyu, ba ta tsaya ta duba inda za su yi karo ba.

Doka ta farko ta fito a shekarar 2004. Shekara biyu kafin nan, Kotun Turai mai kare haƙƙin ɗan Adam ta ba Birtaniya rashin gaskiya a ƙarar Christine Goodwin, wadda aka haifa namiji, aka yi mata aikin sauya jinsi, amma hukuma ta ƙi gyara mata takardar haihuwa. Saboda haka majalisar Landan ta ƙirƙiro takardar shaidar sauya jinsi. Mai neman ta sai ya kai shekara 18, likitoci sun ba da shaida a kansa, ya yi shekara biyu yana rayuwa a sabon jinsin, kana ya yi rantsuwar zai dawwama a haka. In ya samu takardar, doka ta ce jinsinsa ya sauya ta kowace fuska, sai dai inda wata doka ta tanadi akasin haka.

Doka ta biyu ita ce Dokar Daidaito ta 2010, wadda ta haramta nuna bambanci wajen aiki, ciniki, haya da karatu bisa dalilai tara, daga ciki har da addini, launin fata, naƙasa, jinsi da kuma sauya jinsi. Wannan doka dai ta yarda a keɓe wa mata wurare nasu su kaɗai in akwai hujja mai ƙarfi: ɗakin kwanciya a asibiti, wurin sauya tufafi, gidan fakewar matan da mazansu suka azabtar. Abin da ba ta faɗa ba shi ne ko mai riƙe da takardar 2004 yana cikin matan da take nufi. Jam'iyyar Leba ce ke mulki lokacin da aka yi dokokin biyu, tsakaninsu shekara shida kacal, amma aka bar wannan giɓi a buɗe har shekara goma sha biyar.

Abin mamaki, ba a kan makewayi ko asibiti aka soma shari'ar ba, a kan rabon kujeru ne. Mutanen Nijar sun san irin wannan doka, tun da dokar kota ta shekarar 2000 ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi ga kowane jinsi, a 2019 kuma aka ɗaga su zuwa 25 da 30. To, a 2018 majalisar yankin Sikotilan ta yi tata dokar, ta ce a nemi mata su riƙe rabin kujerun kwamitocin gudanarwa na hukumomin gwamnati, ta kuma saka waɗanda suka sauya jinsi daga namiji zuwa mace cikin lissafin. Wata ƙungiyar mata mai suna For Women Scotland ta kai ƙara, ta ci nasara a 2022. Sai gwamnati ta gyara magana, ta ce masu riƙe da takardar 2004 kaɗai take nufi. Ƙungiyar ta koma kotu, ta sha kaye a Disamban 2022, ta sake shan kaye a Nuwamban 2023, sannan ta ɗaukaka ƙara zuwa Landan. Cikin masu taimaka mata da kuɗi har da marubuciya J.K. Rowling, wadda ta ba da fam 70,000.

Ana cikin haka siyasa ta ɗauki zafi. A Disamban 2022 majalisar Sikotilan ta amince, da ƙuri'a 86 a kan 39, a sauƙaƙa samun takardar: a janye shaidar likita, a rage shekarun mai nema zuwa 16, a mai da jiran shekara biyu wata uku ga manya. A Janairun 2023 gwamnatin Landan ta taka wa dokar birki da sashe na 35 na dokar da ta kafa majalisar yankin, karo na farko ke nan da aka yi amfani da shi. A cikin watan nan ne kuma aka samu wani fursuna da laifin yi wa mata biyu fyaɗe, wanda ya fara bayyana kansa a matsayin mace bayan an tuhume shi, aka kai shi gidan kason mata na Cornton Vale. Jama'a suka yi ca, cikin ƴan kwanaki aka mai da shi gidan kason maza. A Fabrairu shugabar gwamnatin yankin, Nicola Sturgeon, ta sanar da murabus ɗinta, ko da yake ta ce ba matsin lambar waɗannan kwanaki ne ya sa ta sauka ba.

Adalci ne a saurari kowane ɓangare da hujjar da ya fi ƙarfi da ita. Ƙungiyoyin matan sun ce wuraren da aka keɓe musu ba kyauta aka ba su ba, gwagwarmayar shekaru ce ta samar da su, kuma dalilin keɓewar jiki ne, ba takarda ba. Matar da ta tsere wa dukan miji cikin dare, ko wadda ke kwance a asibiti ba ta da ikon tashi, tana da haƙƙin sanin wa ke kusa da ita. Su kuwa masu sauya jinsi sun ce su ƴan tsiraru ne ƙwarai, domin har zuwa farkon 2024 takardun da aka bayar duka ba su kai 9,000 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyon 65. Sun ce shekara da shekaru suna shiga waɗannan wurare ba wanda ya ji kansu, ba daidai ba ne a ɗora wa kowa laifin fursuna ɗaya, kuma wanda kamanninsa duka na mace ne, in an tura shi makewayin maza, an miƙa shi ga wulaƙanci ko abin da ya fi haka. Suka ƙara da tambaya: mene ne amfanin takardar da hukuma ta bayar da hannunta in ba ta aiki a inda aka fi buƙatarta?

Alƙalan biyar baki ɗaya suka yanke cewa "mace" da "jinsi" a Dokar 2010 suna nufin jinsin haihuwa. Ba su shiga gardamar falsafa ba, kalmomin dokar suka bi ɗaya bayan ɗaya. Suka ce sassan da ke magana a kan ciki da haihuwa ba su da ma'ana sai in jiki ake nufi, kuma kalma ɗaya ba za ta ɗauki ma'ana biyu cikin doka ɗaya ba. Suka kuma kawo hujjar da kowane mai shago zai gane: takardar 2004 sirri ce, har ma laifi ne ma'aikaci ya fallasa mai ita, to ta yaya mai gadin ƙofa zai bambanta mai takarda da marar ita? Amma alƙali Lord Hodge, da yake karanta hukuncin, ya gargaɗi jama'a kada su ɗauke shi nasarar wani ɓangare a kan wani, domin dokar tana nan tana kare masu sauya jinsi daga kora daga aiki, tsangwama da hana su haya ko ciniki. Duk da haka masu sukar hukuncin sun yi nuni da cewa kotun ta ƙi bai wa wasu fitattun masu sauya jinsi biyu, ɗaya tsohuwar alƙaliya, damar shiga shari'ar.

Hukunci ya fita, amma tambayoyin bakin ƙofa ba su ƙare ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta hana waɗanda aka haifa maza buga wasan mata daga 1 ga Yunin 2025. Hukumar kula da daidaito ta fitar da jagora na wucin gadi, ta ce kada su shiga makewayin mata, amma kuma kada a bar su ba inda za su shiga. Babban kamfani yana iya gina ɗaki na uku mai kulle. Mai ƙaramin gidan abinci da ke da makewayi biyu rak fa, ina zai samu fili da kuɗin? Ga kuma wadda aka haifa mace ta koma namiji, har da gemu: bisa hukuncin tana cikin mata, amma kotun ta ce ana iya hana ta shiga wurin mata saboda kamanninta. Tun kafin hukuncin ma an ga wanda ke ɗaukar wahalar. A wani asibitin gwamnati na yankin Fife, saɓani ya tashi a Disamban 2023 tsakanin wata ma'aikaciyar jinya da wata likita mai sauya jinsi a ɗakin sauya tufafi. Aka dakatar da ma'aikaciyar jinyar, magana ta kai kotun ma'aikata a Fabrairun 2025, sunayen mutum biyun suka bazu duniya, alhali ba ɗayansu da ya rubuta doka.

Ƴan siyasa kuwa sun samu sauƙi. Keir Starmer, wanda a 2022 ya ce waɗanda suka sauya jinsi zuwa mace mata ne, a Afirilun 2025 yana Firaminista ya yi marhabin da hukuncin, ya ce ya fayyace al'amari. Ke nan alƙalai sun ɗauke wa majalisa nauyin da ita jama'a suka zaɓa ta ɗauka.

Mutum yana iya goyon bayan wannan ɓangare ko wancan, amma a mulkin demokaraɗiyya aikin ɗan majalisa ne ya zauna da masu haƙƙi biyu da suka yi karo, ya saurare su, ya rubuta iyakar kowa da kalmomin da mai gadi, shugaban asibiti da mai shago za su karanta su gane. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ranar da aka kawo sabuwar doka, ko a wace majalisa ce, kafin a ɗaga hannu ya kamata wani ya miƙe ya tambaya: wannan kalma wa take nufi, kuma wa zai tsaya a bakin ƙofa ya zartar da ita?