Kaurin Ruwan Samfuri da Siffar Tudu a Kuromatogirafin Ruwa



Al'ada ce a wurinmu ma'abota wannan fanni, idan tudun da na'ura ta zana ya fito a karkace, ko ya ja wutsiya, ko ya rabu gida biyu, mu yi gaggawar ɗora wa bututu laifi, mu ce ya tsufa ko ƙwayoyin cikinsa sun lalace, alhali kuwa sau da dama illar tana cikin 'yar kwalbar da muka narkar da samfurin, tun kafin allura ta ɗebe shi.

Asalin mas'alar ya koma ga ƙa'idar Darcy ta 1856, wadda sigarta da aka faɗaɗa daga baya take nuna cewa ruwan da ke ratsa yashi, gwargwadon kaurinsa gwargwadon nawarsa. A 1958 Saffman da Taylor suka bayyana abin da ke biyo baya: duk lokacin da tsinkakken ruwa yake tura mai kauri, iyakar da ke tsakaninsu ba ta zama a miƙe, domin inda ya sami 'yar kafa ya kutsa, nan hanya ke ƙara sauƙi, sai na bayansa ya bi, har ya yi yatsu-yatsu a cikin mai kaurin. Saboda haka, idan samfuri ya fi ruwan kora, wato ruwan da ke tura shi cikin bututu, kauri, bayansa ne ke yagewa. Idan kuwa ya fi shi tsinkewa, sai ɓarnar ta auku a goshinsa.

Mu dubi adadi. A zafin digiri 25, kaurin asetonaitiril wajen 0.35 ne a ma'aunin cP, na metanol 0.54, na ruwa 0.89, na aisofurofanol da DMSO kuwa kusan 2. Abin mamaki, gaurayen metanol da ruwa rabi da rabi yakan kai wajen 1.6, wato ya zarce kowannensu, kuma wannan nukuta ce da ɗalibai ke yawan gafala da ita.

Lalle akwai shubuha a nan, domin ruwan narkarwa mai ƙarfin kora shi ma yana ɓata tudu, kuma DMSO ya haɗa aibin biyu. Amma a ra'ayina hujjar rarrabewa ita ce maimaici: ɓarnar ƙarfi takan dawo da siffa kusan iri ɗaya a kowace allura, ita kuwa ta kauri, da yake yatsun ba su bin tafarki guda sau biyu, siffarta sauyawa take yi. An fi ganinta a aikin tace samfuri mai yawa, da wajen rarrabe furotin ko folima bisa girmansu, inda abin da aka narkar shi kansa ke kawo kaurin.

Wanda ya yi zargin haka, sai ya sirka samfurin da ruwan kora, ya rage abin da yake zubawa, ya sake gwadawa. In tudun ya daidaita, to bututun lafiyarsa ƙalau.