JAWABI A KAN CIWON GWIWA, WANDA KWAMITIN JIN DAƊIN JAMA'A YA GABATAR A TARON ƘUNGIYA



Muna farawa da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya gafarta malamai, shugabannin ƙungiya, iyayenmu da 'yan'uwanmu mazauna Sabo da kewaye, muna yi muku barka da zuwa.

Dalilin wannan magana shi ne, duk wanda ya duba sahun ƙarshe a masallatanmu zai ga kujerun roba sai ƙaruwa suke yi. Waɗanda ke zama a kansu kuwa ba tsofaffi tukuf ba ne kaɗai, har da sa'o'inmu 'yan hamsin da ɗoriya. Shi ya sa aka ɗora mana nauyin mu je mu tambayi likitoci. Mu fatauci muka sani, saboda haka abin da za ku ji daga bakinsu muka ɗauko shi, muka haɗa da abin da gwiwoyinmu suka koya mana.

Da farko, mene ne ciwon? Mu kan ce sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. A cikin gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe kan ƙasusuwa don kada su goge juna. Da tafiyar shekaru, da nauyin jiki, da ɗaukar kaya, da tsohon targaɗe ko karaya, sai ya riƙa cinyewa. Daga nan sai zafi, da ƙara in an lanƙwasa, da sanƙarewa da safe wadda kan sake kafin rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke da wannan ciwo a gaɓoɓi daban-daban, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. Mu da muka yi shekaru muna sauke buhu a Bodija, muna naɗe ƙafa a mota tun daga Arewa, muna hawan tudun Mokola, ai ba abin mamaki ba ne.

To, jama'a, ga inda muke cutar kanmu. Da gwiwa ta motsa sai a kira mai tallan magani, ya ƙulla haɗi a leda, fari da ja da rawaya. Yawanci a ciki akwai irin su diclofenac da piroxicam da ibuprofen, a wani lokaci har da dexamethasone ko tramadol. Zafi zai lafa, ba musu. Amma shan su kullum ba bisa ƙa'ida ba yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana ƙara hawan jini. Dexamethasone kuma yana kumbura fuska, ya tayar da ciwon suga, ya raunana ƙashi. Akwai wani ɗan'uwanmu, ba sai mun kama suna ba, wanda ya shekara biyu yana shan haɗi safe da yamma don ya iya fita kasuwa. Ranar da ya faɗi yana aman jini, kuɗin da aka kashe a asibiti ya cinye jarinsa, gwiwar kuma tana nan yadda take.

Yanzu mu zo kan allurar lantarki da ake ta zancenta, wadda wasu suka ji labari a waya har suna shirin sayar da rumfa su tafi ƙasar waje. Likitoci na ce mata rediyo-firikwensi mai bugawa daki-daki. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Menno Sluijter, da abokan aikinsa suka fito da ita wajen ƙarshen shekarun 1990. Yadda ake yi shi ne, akwai ƙananan jijiyoyi a kewayen gwiwa masu kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, galibi guda 3 ake nufa, biyu a sama ɗaya a ƙasa ta ciki. Sai a kashe wurin da allura, likita yana kallo a na'urar hoto, ya sa siririyar allura kusa da jijiyar, ya sakar mata lantarki yana bugawa yana hutawa, ba a barin zafin ya wuce digiri 42. Akwai kuma 'yar'uwarta wadda ake kai zafin digiri 60 zuwa 80 a ƙona jijiyar. Ita ta farko ba ta ƙonawa, lallashin jijiyar take yi ta rage kai ƙara. Ba a yanka, kuma ran nan mutum ke komawa gida.

Amma ku riƙe wannan da kyau: allurar ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye. Zafi kawai take kwantarwa, na 'yan watanni, sa'an nan ya kan dawo. Wani ta yi masa aiki, wani ba ta yi ba. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, tana da tsada, kuma sai ga wanda ya bi sauran hanyoyi bai sami sauƙi ba. Mai shan maganin tsinka jini, ko mai batirin zuciya a ƙirji, dole ya gaya wa likita tun da wuri. Duk wanda ya ce muku allura ɗaya za ta raba ku da ciwon har abada, to aljihunku yake kallo.

Ina amfaninta ke nan? Amfaninta shi ne ta ba mutum sarari ya yi abin da zafi ya hana shi, wato gashi da motsa jiki. Nan ne maganar take. Naman cinya shi ne mai tallafe gwiwa. In mutum ya daina tafiya don tsoron zafi, naman ya saki, nauyi ya koma kan ƙashi, zafi ya ƙaru. Likitocin gashin ƙashi sun nuna mana abubuwan da ba sa cin ko kwabo. Ka zauna a kujera, ka miƙe ƙafa ɗaya sosai, ka ƙirga goma, ka sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Ka tashi daga kujera ka koma, in da hali ba tare da dafawa ba. Ka yi tattaki a shimfiɗaɗɗen wuri, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ka gasa da tsumma mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. In za ka riƙe sanda, ka riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar mai ciwo ba. Sai an jure makonni shida zuwa goma sha biyu kafin a ga bambanci sosai, sannu ba ta hana zuwa.

Sai maganar ƙiba, ko da yake ba ta da daɗin ji. Kowane kilo 1 da mutum ya rage, gwiwa na samun sauƙin kusan kilo 4 a kowane taku. Mai kilo 100 in ya zubar da 5 zuwa 10 zai ji a jikinsa. A rage lemon kwalba, da shayi mai sukari cokali huɗu, da malmala uku ta dare.

Game da salla, mun tuntuɓi malamanmu, sun ce shari'a ta yi rangwame ga wanda ya kasa tsayuwa ko durƙuso ya yi a zaune, ba abin kunya ba ne. Haka nan muna roƙo, da girmamawa ga wanzamanmu, a daina tsaga a kan gwiwa, musamman ga mai ciwon suga. In kuma gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, wannan wani ciwo ne daban, a tafi asibiti a ranar.

Allah ya sa ba mu yi nisa da masana ba. Asibitin koyarwa na UCH yana nan kusa da mu, da sashen gashin ƙashi. Akwai asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, wanda ya je gida kuma akwai na Dala a Kano.

A ƙarshe, kwamiti na kawo shawara uku. Ɗaya, ƙungiya ta gayyato likitan gashi sau ɗaya a wata ya koya mana, a samo mace don iyayenmu mata, domin su suka fi mu shan wannan wahala, kuma su suka fi yin shiru. Biyu, a ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin mota da kati ga marasa hali. Uku, kada wani ya sayar da rumfa ko gida saboda allura sai ya ga likitan ƙashi a nan, ya kuma yi wata uku yana motsa jiki. Za a zagaya da takarda bayan addu'a, mai bukata ya rubuta sunansa da na iyalinsa.

Abin da muka yi daidai daga Allah ne, kuskure namu ne, a yafe mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.