Motar Kara da Bulon LEGO: Abin da Yaran Utai Suka Iya, da Abin da Ya Rage Musu

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu.

Yau maganar mota za mu yi, amma motar da ba ta shan fetur, ba ta kuma biyan kuɗin lamba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, musamman a karkara, ya san motar kara. Mu ɗauki Utai, a ƙaramar hukumar Wudil. Da an yanke dawa a kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, kara ya samu. Manya suna lissafin danga da makamashi da abincin dabbobi, yara kuma suna nasu lissafin daban. A zaɓi kara mai kauri wanda ya bushe sosai, a ɓare shi, a fitar da totuwa. Totuwar ita ce ginshiƙi, ɓawon kuma a tsaga shi siri-siri a riƙa soke ta da shi, shi ne yake riƙe komai. Taya kuwa, a da sakaina ake gogawa a dutse har ta zama zagaye, yanzu an fi yanka tsohon silifa ko a yi da murfin kwalba. Sai a maƙala dogon kara, a yi masa sitiyari a sama. Yaro yana tafe yana tuƙi, yana kukan inji da bakinsa, har da canjin giya.

Kuma ba da ka ake yi ba fa. Wudil tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga kasuwar Juma'a inda tireloli suke lodin shanu zuwa kudu. Yaron da ya bi babansa kasuwa sau ɗaya zai dawo da hoton tirela a kansa: tayoyi nawa ne a baya, ina tankin mai yake, ta ina kan motar ya haɗu da bodi. In ya ƙara wayo sai ya bar kara ya koma gwangwanin madara da langa-langa da waya. Wani har ya ciro ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset, ya haɗa da batir, ya sa ƙwan tocila a matsayin fitila.

To, irin wannan wasan akwai masu yin sa a Turai da Amurka da Asiya, sai dai su da bulon roba suke yi, wanda ake kira LEGO. Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa kamfanin a ƙauyen Billund na ƙasar Denmak. A 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye aiki ya yi masa wuya, ya koma sassaƙa kayan wasan yara da katako, ciki har da motoci. Sunan ya fito ne daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar "yi wasa da kyau". A 1949 suka fara bulon roba, a 1958 kuma suka yi rajistar fasalin da ake amfani da shi har yau: 'yan kawuna a saman bulo, bututu a ƙasansa, in ka danna ɗaya a kan ɗaya sai su kame. A 1977 suka fito da nau'in da ake kira Technic, mai giya da sandar taya da sauran kayan da suke juyawa. Yau kamfanin yana buga 'yan ƙananan tayoyi sama da miliyan 300 a shekara, har kundin Guinness ya sa shi a matsayin wanda ya fi kowa yawan tayoyi a duniya. Ku ji fa, kamfanin kayan wasa!

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne masu sha'awar abin, waɗanda suke ajiye littafin da kamfani ya sako a kwali, su ƙera tasu motar daga kansu. Da yawansu manya ne, masu mata da 'ya'ya.

Ga misali biyu. A ƙarshen 2013, wani matashi ɗan ƙasar Romaniya mai suna Raul Oaida, tare da wani ɗan kasuwa ɗan Ostareliya, Steve Sammartino, suka nuna wata mota a birnin Melbourne. Girmanta girman motar gaske, mutum yana shiga ya tuƙa. Bulo sama da 500,000 ta ci. Injinta ma na bulon ne, mai fistin 256, kuma matsattsiyar iska ce take tura shi. Tayoyi da wasu sassan da suke ɗaukar nauyi ne kawai aka yi da kayan gaske. Gudunta bai wuce na mai keke ba, amma dai ta yi tafiya.

Na biyu, kamfanin yana da wani tsari mai suna LEGO Ideas. Ka ƙera abinka, ka nuna wa jama'a. In mutum 10,000 suka goyi bayansa, kamfani zai duba. In ya karɓa sai a buga shi a sayar a duniya, a ba ka kashi 1 cikin 100 na cinikin. Ta haka ne motar tsere ƙirar Caterham da wani Bature mai suna Carl Greatrix ya ƙera ta shiga kasuwa a 2016.

Yauwa. Tambayar shirin yau ita ce: tunda yaron Utai da wancan matashin na Romaniya sha'awa ɗaya ce ta kama su, me ya sa wasan wancan yake girma tare da shi, na namu kuma yake mutuwa da ya kai shekara 12 ko 13?

Wani zai ce kuɗi. Gaskiya ne, akwai kuɗi a ciki. Kwalin LEGO na asali ba abin da talaka zai saya wa ɗansa ba ne a halin da ake ciki. Amma in muka tsaya a nan, mun tsallake abubuwa uku da ba sa buƙatar ko sisi.

Na farko shi ne ma'auni. Sirrin LEGO kenan gaba ɗaya. Tsakanin kan bulo da na kusa da shi milimita 8 ne, a ko'ina, a kowane lokaci. Bulon da aka buga a 1958 yana kamawa da wanda aka buga bana. Saboda haka abin da ka ƙera a Japan, wani zai iya maimaita shi a Brazil ba tare da kun taɓa haɗuwa ba. Motar kara kuwa da ido ake auna ta. Shi ya sa za ka ga tirela mai kyau amma tayoyinta sun yi mata ƙanana, ko kanta ya fi bodin girma. Gyaran wannan rula ce ta makaranta kawai. Ku ɗauki tirela mai bodin mita 12, faɗi kamar mita 2 da rabi, taya kuma tsayinta wajen mita 1. Ku raba komai da 20. Bodi ya koma santimita 60, faɗi santimita 12 da rabi, taya santimita 5. Shi kenan, kun yi abin da injiniyoyi suke kira sikeli. Yaron da yake gudun lissafin rabawa a aji, wallahi in a kan motarsa ne, shi zai riƙa bin ka yana tambaya.

Na biyu shi ne ajiye tsari. Masu LEGO in sun gama mota sukan zana yadda aka haɗa ta, mataki-mataki, su raba wa wasu. Akwai ma manhaja kyauta ta kwamfuta mai suna Studio, wadda za ka gina mota da bulo a cikinta ko ba ka mallaki bulo ko ɗaya ba. Mu kuwa fa? Gwanin unguwa ya gano dabarar da ƙafar gaba za ta riƙa karya kwana, ya girma ya tafi birni neman kuɗi, dabarar ta bi shi. Damina ta zo, motar ta jiƙe, ko akuya ta cinye. Ƙannensa su sake farawa daga tushe. Shekara da shekaru ana motar kara, amma kowane yaro kamar shi ne na farko. Alhali littafin rubutu guda da fensir sun isa: tsawon wannan kaza, wancan kaza, ga inda na soke, ga inda ta karye da na ɗora mata kaya.

Kuma dabarun nan ilimi ne na gaske. Me ya sa bodin kara yake karkacewa in an yi masa lodi? Saboda siffa mai kusurwa huɗu tana lanƙwashewa. Gitta masa kara ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya zama mai kusurwa uku, sai ya tsaya cak. Ku kalli ƙarfen rufin kwano ko turken wutar lantarki, dabarar kenan. Me ya sa taya take cijewa? Saboda sandarta tana gogar jikin mota. Zura sandar cikin bututun tsohon biro ka ga yadda za ta sake. Me ya sa ɗan injin rediyo yake gudu amma ba ya iya jan mota? Ɗaura roba daga ƙaramin gare zuwa wanda ya ninka shi uku, gudu ya ragu sau uku, ƙarfi ya ƙaru kusan sau uku. Giya ta ɗaya kenan, wadda direban gingimari yake sawa in zai hau tudu.

Na uku, kuma shi ya fi ciwo, shi ne yadda manya suke kallon abin. A wajenmu da yaro ya fara tasawa sai a ce, "Kai wane, ƙato da kai kana wasan yara?" Wani ma a tattake motar a gabansa. Mun manta cewa mu ne muke cewa wasa farin girki. A manyan kamfanonin mota, kafin a buga sabuwar mota sai an gina ta da yumɓu na musamman, a fara da ƙarama sannan a yi mai cikakken girma. Manya ne da digiri suke wannan aikin, ana biyan su albashi.

Kuma muna da namu da suka bi hanyar. Jelani Aliyu a Sakkwato ya tashi. Ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi birnin Detroit na Amurka ya karanci zanen motoci, ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Shi ya zana siffar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. A nan Kano kuma, a 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, har jaridun duniya suka ɗauki labarin. Hannu irin wannan ba rana ɗaya yake samuwa ba.

Kada kuma mu raina namu. Akwai abin da motar kara take koyarwa wanda LEGO ba ya koyarwa. Mai LEGO an riga an yi masa kayan, haɗawa ce tasa. Yaron Utai shi ne mai nemo kaya, shi ne mai yanka, shi ne mai haɗawa. Ya san karan da zai karye da wanda zai jure, ya san gwangwanin da zai lanƙwasu ba tare da ya tsage ba. Wannan sanin kayan aiki, ɗalibai da yawa sai sun shiga jami'a suke fara neman sa. Abin tsoron shi ne yana raguwa. Motar roba 'yar Chana ta cika kasuwa, a saya yau ta karye jibi, ga waya kuma ta ɗauke hankalin yara. Yaron da aka saya wa mota ya koyi turawa. Wanda ya ƙera ya koyi dalilin da ya sa take tafiya.

Abin mamaki, duk abin da ake buƙata yana nan kusa. A Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote. Akwai kwalejin koyon sana'a ta gwamnati. Ga makanikai da masu walda a bakin titi. Daga Utai, Darki, Achika, Indabo ko Lajawa, duk tafiyar ba ta da nisa. Me zai hana ɗaliban injiniya 'yan yankin, in sun dawo hutu bayan kaka, su tara yaran unguwarsu a filin firamare su sa musu gasa? Sharaɗi uku kawai: mota ta zama a kan sikeli, ta zo da zanenta a takarda, kuma ta ɗauki bulon ƙasa ko mudun hatsi ta yi tafiyar taku goma ba ta karye ba. Kyauta ko rula da fensir ne ta wadatar. Kuma ban ce maza kaɗai ba. Yarinyar da take saƙa faifai ta fitar da zane daidai, ta riga ta iya ƙirga da awo.

Sai dai a kula: kada a bar yara da tsatsattsiyar reza, bakin gwangwani a lanƙwashe shi, kuma ƙananan batura da ƙananan bulo a nisanta su da jarirai, don suna haɗiyewa. Wanda kuma ya ci karo da bulon roba a kayan gwanjo da araha, ya saya wa ƙannensa, ya ce su ƙera a-daidaita-sahu ko akori-kura da shi, abin da babu shi a littafin kowane kamfani.

Aikin gida na wannan makon: in kana da ƙani ko ɗa mai ƙera mota, ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi yadda ya yi ƙafar gaba. Ka ba shi rula da littafi, ka ce ya auna ya rubuta. In ya gama, ku ɗauki hoton motar tare da zanenta ku turo mana, za mu karanto sunan garinku a shiri na gaba.

A nan za mu dakata. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya sa abin da hannunsu ya iya ya amfane su. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.