Sojojin Cikin Jini da Yaƙi da Sankarar Ƙashi



Na zaɓi in yi magana a kan sankarar ƙashi ne saboda cuta ce da ta fi kama yara masu shekarun sakandare, wato 'ya'yanmu da ƙannenmu da ɗaliban da ke hannun malamanmu. Irin wadda ta fi yawa likitoci suna kiranta ostiyosakoma. Takan tsiro ne a lokacin da ƙashi ke saurin girma, galibi a kusa da gwiwa, ƙarshen ƙashin cinya ko farkon ƙwauri, wani lokaci kuma a damtse kusa da kafaɗa. Idan aka bar ta, huhu take fara nufa.

Kafin shekarun 1970, yanke ƙafa ne kusan kawai maganinta, kuma duk da haka wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke tsira. Da aka haɗa tiyata da magungunan kashe ƙwayar sankara, sai masu tsira suka kai shida zuwa bakwai cikin goma, idan cutar ba ta bazu ba. Idan kuwa ta riga ta kai huhu, ba su wuce biyu zuwa uku cikin goma ba. Wannan lissafi bai canja sosai ba tun shekarun 1980, shi ya sa masana suka koma neman taimako daga garkuwar jiki.

Malamanmu na ilmin halitta sun koya mana cewa a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Wasunsu haɗiye baƙuwar cuta suke yi. Wasu kuma, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, sintiri suke yi suna duba tambarin da ke jikin kowace ƙwayar halitta, in sun ga baƙo su kashe. Matsalar ita ce sankara 'yar gida ce. Daga ƙwayoyin jikin mutum take tasowa, saboda haka sojojin sukan wuce ta ba su ce mata uffan ba. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari.

Tunanin zuga waɗannan sojoji ya daɗe, kuma daga sankarar ƙashi ya faro. A 1890 wata yarinya 'yar shekara 17 ta je wurin wani matashin likita a birnin Niyok na Amurka, mai suna William Coley, da ciwo a hannu. Ya yanke hannun, amma ta rasu a farkon 1891. Abin ya dame shi, ya shiga binciken tsofaffin takardun asibiti, har ya tarar da labarin wani mutum da ƙarin wuyansa ya ɓace bayan ya yi fama da zazzaɓin wata cutar fata. Daga nan Coley ya fara yi wa marasa lafiya allurar ƙwayoyin cuta da gangan, daga baya ya koma amfani da matattu, don jiki ya tashi tsaye. Wasu sun warke, da yawa ba su warke ba, kuma a lokacin babu wanda ya iya bayyana dalili. Da gashin haske da sauran magunguna suka zo, sai aka ajiye hanyarsa.

A zamaninmu an dawo kanta ta fuska uku. Ta farko ita ce zuga ƙwayoyin nan masu haɗiya. A 2009 Tarayyar Turai ta amince da wani magani mai suna Mepact, wanda ake ba yara da matasa bayan an cire ƙarin, tare da sauran magunguna, don masu haɗiyar su bi ragowar cutar, musamman a huhu. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba, domin hujjar ba ta gamsar da ita ba.

Ta biyu ita ce kwance wa ƙwayoyin T takunkumi, domin sankara ta iya ɗaure su. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan sun sami lambar Nobel a 2018 saboda wannan bincike. Magungunan sun yi aiki sosai a sankarar fata da ta huhu, amma da aka gwada su a sankarar ƙashi, kaɗan ne ƙwarai suka amfana.

Ta uku ita ce ake kira CAR-T. Ana ɗibar jinin mara lafiya, a tace ƙwayoyin T, a kai su ɗakin bincike a sa musu wani ƙugiya da zai kama tambarin sankarar, a hayayyafa su miliyoyi, sannan a mayar masa da su ta jijiya. A 2012 an yi wa wata yarinya mai sankarar jini wannan magani a Filadalfiya bayan sauran magunguna sun gaza, ta kuma warke. A 2017 Amurka ta amince da na farko, Kymriah, a kan dala 475,000. A 2021 aka amince da wani irinsa don sankarar ɓargo mai cinye ƙashin manya.

To me ya hana a yi haka da sankarar ƙashin yara? Sankarar jini tana yawo ne a fili, kuma ƙwayoyinta suna ɗauke da tambari guda. Ƙarin ƙashi kuwa dunƙule yake, ƙwayoyinsa sun bambanta da juna, shigarsa da wuya, kuma sojan da ya shiga yakan gaji da wuri. A wani gwaji da aka yi a Teksas, wanda aka bayyana a 2015, an yi wa mutum 19, cikinsu 16 masu ostiyosakoma. Maganin bai cutar da su ba, cutar ta tsaya na ɗan lokaci a jikin wasu, amma bai zama waraka ba. A 2024 an amince da irin wannan magani don wata sankara ta tsokar da ke kusa da gaɓoɓi, wanda ya ƙara wa masu bincike ƙwarin gwiwa. A ƙashi dai har yanzu gwaji ake yi.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda ya ce yana sayar da abin ƙara garkuwar jiki mai warkar da sankarar ƙashi, a yi hattara da shi. Abin da ke ceton yaro a yau shi ne a gano cutar kafin ta kai huhu. Idan yaro ya yi makonni yana kukan gwiwa, ciwon yana tashinsa cikin dare, ko wurin ya kumbura, ko ya fara ɗingishi, ko ƙashi ya karye ba tare da wata babbar faɗuwa ba, kada a ce targaɗen ƙwallo ne ko sanyin ƙashi. A ɗauki hoton ƙashi tukuna kafin a nufi wurin mai ɗori. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna da likitocin wannan fanni.

Ina roƙon malamanmu, musamman masu kula da ɗakunan kwana da wasanni, su sa ido, domin sau da yawa su ne ke fara ganin ɗingishin kafin iyaye. Ina kuma ba ƙungiya shawarar ta ware wani abu don kuɗin hoto da na mota ga ɗalibin da iyayensa ba su da hali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.