Doka Ta Kare Mai Ƙuri'a Da Ma'aikacin Zaɓe

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Talata Mafara, Bakura da Maradun

Na gode da kuka bar aikin gona da kasuwa kuka zo. Maganar da na kawo yau ita ce ta tsoro a ranar zaɓe, da abin da doka ta ce a kai.

Dattawanmu za su tuna zaɓen gwamnoni na 1991, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. A wancan zaɓe ƙato-bayan-ƙato aka yi. Kowa yana ganin layin da ka shiga. Da yawa sun bi layin da ba su so, don gudun fushin maigida. Yanzu kai kaɗai kake shiga wurin dangwalawa. Ba wanda yake da ikon leƙa takardarka, ko ya tilasta maka ka nuna masa ita.

To, ga abin da Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanada, wadda da ita aka yi zaɓen 2023. Ku riƙe abubuwa huɗu.

Na farko, barazana. Sashe na 128 ya ce laifi ne a razana mutum da duka ko asara don ya zaɓi wani, ko don ya ƙi fita zaɓe. Misali, wani ya ce maka, in ba ka zaɓi mutuminsa ba zai karɓe gonar da ya ba ka aro. Wannan barazana ce. Hukuncinta tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 3.

Na biyu, kewayen rumfar zaɓe. Sashe na 126 ya shata mita 300 daga rumfa, wato kamar tsawon filin ƙwallo uku. A cikin wannan wuri ba a roƙon ƙuri'a. Ba a kirarin jam'iyya. Ba a shiga da makami, ko shigar da za ta firgita mutane. Ba a kunna jiniya. Wanda ya gama zaɓe kuma ba ya yawon banza a wurin. Hukunci shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6.

Na uku, kayan zaɓe. Wanda ya fizge akwati ko ya lalata takardun ƙuri'a, ɗaurin wata 24 ne, wato shekara 2.

Na huɗu, ma'aikatan zaɓe. Shugaban rumfa yana da ikon sa a fitar da duk mai tayar da hankali. Idan kuma aka tsare baturen zaɓe aka tilasta masa ya faɗi sakamako, Sashe na 65 ya ba hukumar zaɓe ta INEC kwana 7 ta sake duba sanarwar. Ashe wanda ya yi amfani da ƙarfi yana iya tashi a tutar babu.

Jama'a, wannan magana ba ta nesa ba ce. A ranar 5 ga Disamba 2020 an yi zaɓen cike gurbi na ɗan majalisar jiha a Bakura. An samu hatsaniya, aka soke sakamakon rumfuna 14, aka ce zaɓe bai kammala ba. Sai da aka sake fita bayan 'yan kwanaki. Ku duba wanda ya sha wahala. Tsohuwar da ta wuni a rana, ƙuri'arta ta tafi a banza. Manomin da ya bar shinkafarsa sai da ya sake barin ta.

Su waye ma waɗannan ma'aikata? Yawancinsu matasa ne masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban manyan makarantu. Wasu daga nesa aka turo su, ba su san kowa a nan ba. A rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 an kashe irin waɗannan matasa a Jihar Bauchi. Iyayensu sun aiko su aiki, aka mayar musu da gawa. Baƙonmu amana ne. Gobe ɗanka ne za a tura wata jiha.

Me ya kamata mu yi? Ka fita da katinka da wuri, ka bi layi. Ka bar adda da gora a gida. Idan ka ga ana razana wani, kada ka rama da hannunka. Ka gaya wa shugaban rumfa ko ɗan sandan da ke wurin. Ka rubuta rana da lokaci da sunan rumfar, tunda yanzu ka iya rubutu. Kotu da shaida take aiki.

Iyaye, ku ja kunnen samari. Wanda ya ba yaro kuɗi da ƙwaya don ya fasa akwati, ba zai shiga kurkuku tare da shi ba. Mata kuma, ƙuri'arku daidai take da ta kowane namiji, kuma doka ɗaya ce ta kare ku.

In kun koma gida, ku karanta wa maƙwabta wannan shafi. Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.